Wane lens zan tafi da shi Turkiyya?

Tambaya: Salam Malam. Ni mai hoton biki ne a Argungu, zan raka maigidana saro kaya Istanbul watan Janairu, kyamarar Canon 700D gare ni da lens (gilashin gaban kyamara) uku, 18-55mm da 50mm da 75-300mm, dan Allah duka zan kwasa?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Bar 75-300 ɗin nan mai jawo abin da ke nesa a gida sai lokacin bikin kamun kifi, nauyi kawai zai ƙara maka, lungunan kasuwar Istanbul a matse suke ba inda za ka ja da baya, 18-55 ya wadatar da rana. Da dare kuma 50mm, in dai f/1.8 ne yana shan haske sosai, amma a kyamararka kamar 80mm yake gani, wato yana ɗan jawo abu kusa.

Abin da na fi ji maka shi ne sanyi, ba irin hunturunmu mai ƙura ba ne, wannan da laima yake. In ka shigo otal daga waje kar ka buɗe jaka nan take, ka ba ta kamar awa ɗaya, in ba haka ba gilashin zai yi gumi har ciki. 'Yan ƙullin silika masu tsotse danshi na cikin kwalin takalmi, jefa su a jakar. Batir kuma jakar hannu ake sa shi a jirgi, kuma sanyi na saurin shanye caji, ka riƙe biyu. Soket ɗinsu baki biyu ne zagayayye, nemi adafta tun a Birnin Kebbi.