Haƙorin hankali da ya maƙale: yaushe ake cirewa, yaushe ake barinsa?

Yawancin tambayoyin da suka taru mini a wannan makon a kan haƙori guda suke, wato turmin nan na can ƙuryar baki da ake kira haƙorin hankali. Shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Wani matashi mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya ce: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 23. Dasashina na can ƙurya, ta ƙasa a hannun dama, yana kumbura ya yi kwana biyar sannan ya sace, bayan wata biyu kuma ya dawo. Sau huɗu ke nan bana. Duk lokacin da ya taso sai in sayi kafso a kemis. Wani ya ce mini sabon haƙori ne ke fitowa. Ashe a shekaruna ma haƙori na fita?

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Yana fita ƙwarai. Cikakkun haƙoran babban mutum 32 ne, kuma huɗun ƙarshe, biyu a sama biyu a ƙasa, sukan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. To da yake su ne 'yan auta, sau da yawa sukan tarar 'yan'uwansu sun cinye wurin. Idan muƙamuƙi bai da sauran fili, sai haƙorin ya karkace. Wani ya jingina da na gabansa, wanda shi muka fi gani a muƙamuƙin ƙasa, wani ya kwanta a gicciye cikin ƙashi, wani kuma ya leƙo da rabin kansa ya tsaya nan.

Daga bayaninka, naka irin mai leƙowar nan ne. Wani ɗan leɓen dasashi yakan rufe rabin kansa kamar murfin tukunya da ba a rufe daidai ba. Ƙwayar shinkafa, zaren nama, guntun goro, duk suna shigewa ƙarƙashinsa, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. A nan ƙwayoyin cuta ke samun gida, wurin ya kumbura, baki ya riƙa wari, wani lokaci har da mugunya. Sannan haƙorin sama ya riƙa taunar dasashin da ya kumbura, abin ya ƙara muni.

Kafson da kake sha yana kwantar da kumburin ne kawai, ramin kuwa yana nan inda yake. Ka kashe wutar amma ka bar garwashi a toka. Banda haka, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana biyu a ajiye shi ke sa ƙwayoyin su saba da shi, ranar da kake matuƙar buƙatarsa ya ƙi aiki. Kumburi sau huɗu a shekara guda ya isa hujja. Ka je sashen haƙori a ɗauki hoton muƙamuƙinka gaba ɗaya, kuma ina kyautata zaton cirewa za a ce a yi. Kafin nan ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane cin abinci.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka ɗora komai a wurin. Na taɓa duba wani bawan Allah da aka ba shi shawarar ɗiga ruwan batir a kan irin wannan haƙori. Cikin kuncinsa ya yi fari fat, fatar tana saɓulewa kamar takardar da ta jiƙe, haƙorin kuwa ko gezau. Ƙwayar asfirin da ake dannewa a dasashi ita ma ƙona nama take yi.

Wani direban tanka daga Apapa ya ce: Likita, ƙanena ne ke ciwon haƙorin ƙurya sati guda. Yanzu kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓarsa, bakinsa ko cokali ba ya shiga, yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa, ga zazzaɓi. Wane magani za mu saya?

Wannan saƙon ban jira ranar rubutu ba, a ranar na amsa shi, amma ina so kowa ya karanta amsar. Babu maganin da za a saya. Asibiti za a kai shi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kuma sashen ba da agajin gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, inda akwai likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi.

Dalili shi ne saiwar turamen ƙasa tana kusa da wasu gurabu na nama da ke ƙarƙashin harshe da wuya. Idan mugunya ta ɓalle ta shiga nan, sai ƙasan baki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ya tura harshe sama da baya, ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo a 1836, kuma har yau yana kisa idan aka yi jinkiri. Ya fi saurin kama mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Duk wanda kumburin haƙori ya hana shi buɗe baki, ko haɗiya, ko ya sauya masa murya, ko ya hana shi kwanciya rigingine saboda numfashi, ko kumburin ya haura wajen ido, to ba mai jiran wayewar gari ba ne. Na san cunkoson titin Apapa, na kuma san tunanin kuɗi ke sa mutanenmu jan ƙafa. Amma a wannan halin kowace sa'a tana da nauyi.

Wata malamar makaranta daga Agege ta ce: Likita, na je cike wani haƙori, sai hoto ya nuna ina da haƙorin hankali kwance a cikin ƙashi. Bai taɓa yi mini ciwo ba. Dole ne sai an cire?

Ba dole ba ne, Malama. Haƙorin da ke binne gaba ɗaya, ƙashi da dasashi sun rufe shi ruf, bai taɓa na gabansa ba, yawanci barinsa ake yi ana sa masa ido. Tun a shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a daina cire irin waɗannan haƙora idan lafiyarsu ƙalau, kuma ni ma ra'ayina ke nan, domin tiyata ba ta rasa nata haɗarin.

Sai dai rashin ciwo ba kullum yake nufin lafiya ba. Haƙorin da ya karkata ya dogara da na gabansa yakan tara abinci a tsakaninsu, ya ruɓar da bayan turmi na biyu a ɓoye, har mutum ya wayi gari ya rasa haƙora biyu maimakon ɗaya, alhali na biyun shi ne mai aikin tauna. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, wata jakar ruwa takan tsiro a kewayen wanda ke binne, ta riƙa cin ƙashin muƙamuƙi a hankali. Ki tambayi likitan da ya ga hoton wane iri ne naki, ki kuma riƙa zuwa dubiya ko da sau ɗaya a shekara.

Wani ɗan canji daga Obalende ya ce: An ce a cire mini, amma a gida an tsorata ni cewa cire haƙori na taɓa ido, wasu har makancewa suke yi.

Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma ba gaskiya ba ce. Jijiyar gani daban take, ba ta bi ta saiwar haƙori ba. Abin da ya kamata a gaya maka shi ne akwai jijiyar ji da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa ka ji leɓenka da haɓarka, akwai kuma wata ta harshe kusa da wurin. Idan aka taɓa ɗayansu, wurin kan yi dindiris na makonni ko watanni, kuma a wasu 'yan tsiraru ya zauna haka. Shi ya sa ba a shiga aikin sai da hoto. Idan saiwar ta rungumi jijiyar, akan yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar.

Aikin kansa yawanci idonka biyu ake yi. Za a yi maka allurar kashe zafi, a tsaga dasashi kaɗan, in da buƙata a rage ɗan ƙashi a raba haƙorin gida biyu ko uku, sannan a ɗinke. Za ka ji ana dannawa, amma ba zafi ba. Ka faɗa wa likita tun farko idan kana da hawan jini, ciwon suga, sikila, ko kana shan maganin tsinka jini.

Wata matar aure daga Idi-Araba ta ce: Ina da ciki wata biyar, haƙorin ƙurya ya hana ni barci. Surukata ta ce in haƙura sai na haihu.

Allah ya sauke ki lafiya. Inna ta faɗa ne don kulawa, amma ciwon da ke tara mugunya ya fi maganinsa haɗari a gare ki da abin da ke cikinki. Watanni na huɗu zuwa na shida su ne mafi dacewa da aikin haƙori, kuma allurar kashe zafin da muke amfani da ita ba ta cutar da ciki. Ki je a duba ki, ki faɗa musu watannin cikin. Farasitamol za ki iya sha, amma ki guji ibufurofen da danginsa sai da izinin likitan awo.

Wani mai shayi daga Alaba Rago ya ce: An cire mini nawa, kwana biyu lafiya lau. A rana ta huɗu wani azababben ciwo ya taso har cikin kunne, ga ɗoyi. Ko an bar guntu ne?

Da wuya guntu ne. Bayan cirewa, jini kan daskare a ramin ya zama gudan da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. Idan gudan ya fita da wuri, ƙashi ya zauna a fili, ciwon da ka kwatanta ke nan, kuma tsakanin kwana na uku da na biyar ya saba tasowa. Sigari da shisha ne kan gaba wajen jawo shi, sai yawan tofar da yawu, kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, da zuƙar lemo ta ɗan bututu. Ka koma inda aka yi maka aikin. Za su wanke ramin su sa magani a ciki, kuma yawanci a ranar mutum ke samun barci. Ka tsaya kan koko, kunu da tuwo mai laushi da ba su da zafi sosai, ka riƙa tauna ta ɗaya ɓangaren. Kilishi da tsire su jira sati guda tukuna, sigari ma haka in kana sha.