Wasan Lambar QR a Darasin Lissafi: Sai da Data?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare a Zariya. Na ga bidiyon malamai suna liƙa lambobin QR (hoton nan mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigon baƙi da fari) a lunguna daban-daban na makaranta, yara na bi suna haska su da waya suna warware tambayoyin kusurwa da alwatika har su kai ga kyauta. Ina son gwadawa da 'yan aji biyu, amma wayoyi huɗu kawai za mu samu, sabis kuma a wurinmu sai a hankali. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumussalam, Malama. Zai yiwu, kuma ranar wasan ba sai kin sayi data ba.

Mutane da yawa sun ɗauka lambar QR adireshin intanet kawai take ɗauka. Rubutu take ɗauka, kowane iri, har haruffa da lambobi 4,296. Kamfanin Denso Wave na Japan da ya ƙirƙiro ta a 1994 ma don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta ya yi ta. To idan kika shiga shafin haɗa lambar, ki zaɓi wurin da aka rubuta Text, ki zuba tambayarki kai tsaye. Ki guji wadda ake kira dynamic: tana bi ta shafin kamfani ne, tana buƙatar intanet, wasu kuma suna mutuwa da zarar kwanakin gwaji na kyauta sun ƙare. Ki gajarta tambayar, layi biyu ko uku, domin yawan rubutu na sa ɗigo-ɗigon su cunkushe, kyamarar ƙaramar waya ta kasa karantawa.

Inda na fi so ki ɓata lokaci shi ne tsarin tambayoyin. In yaro zai haska waya ya ga abin da ke shafi na kaza a littafinsa, gara a bar shi a aji. Ki sa makarantar kanta ta zama abin awo, amsar kowace tasha kuma ta nuna tasha ta gaba.

Misali, a jikin darbejiya: "Kafa sanda mai tsayin mita 1, auna inuwarta, auna inuwar bishiyar nan, nemo tsayinta." In inuwar sanda mita 1.5 ce, ta bishiya mita 9, amsa 6 ke nan, sai su nufi ajin da kika liƙa wa lamba 6. Amma ki auna da kanki tukuna, ki ce su kawo amsar zuwa mita mafi kusa. A can su tarar da tsohuwar taya mai faɗin santimita 70: su lissafa kewayenta da 22/7, su sami 220, sannan su zagaya ta da igiya su tabbatar. Tasha ta uku ki ba su igiya mai tsawon mita 12 da ƙulli ya raba ta kashi uku, na mita 3, 4 da 5, su fitar da kusurwa mai digiri 90 a ƙasa, yadda magina ke yi wajen fitar da harsashin gini. Yaron da ya ja wannan igiyar da wuya ƙa'idar Pythagoras ta lissafin alwatika ta sake ba shi tsoro.

Wayoyi huɗu sun isa: rukuni huɗu, kowanne ya fara daga tasha dabam, kada su yi cincirindo wuri guda. A kowane rukuni a samu mai riƙe waya, mai tef ɗin awo, da mai rubutu, suna karɓa-karɓa. In ba haka ba, mai ƙarfin cikinsu ne zai kankane wayar.

Wajen bugawa, baƙi a kan farar takarda, faɗin aƙalla santimita 8, da farin fili kewaye da lambar. Leda mai ƙyalli kan mayar da hasken rana cikin kyamara, don haka ki liƙa su a inuwa. Kwana ɗaya kafin wasan ki sa kowace waya a yanayin jirgin sama ki gwada lambobin duka. Wadda kyamararta ta ƙi, ki saukar mata manhajar sikanin da ke aiki ba intanet. Ki kuma duba yadda ƙ, ɗ da ɓ suka fito, don wasu tsofaffin manhajoji kan mayar da su alamar tambaya.