Ƙodagon goruba ba ya buƙatar fenti

Habu, ka tambaye ni me ya sa na hana ka shafa wa abin wuyan nan fenti mai ƙyalli, alhali a ganinka da ya fi saurin samun mai saye, kuma me ya sa kullum nake tsare ka da tambayar inda ka samo kayan aiki. Amsarsu ɗaya ce.

In ƙyalli ake nema, duwatsun roba sun fi mu, kuma buhu-buhu ake sauke su a Kano da arha. Matar da ta ga hoton aikinmu a waya ta aiko daga Abuja ko Ingila, gida take nema. Tana yarinya ta gwagwiyi goruba har muƙamuƙinta ya gaji, ta yi jifa da ƙodagon. Yau shi take son gani a wuyanta, da launinsa da jijiyarsa. Ka lulluɓe shi da fenti, ka rufe abin da ta biya kuɗi dominsa ke nan.

Shi ya sa nake so ka san ƙodago sosai. Goruba tana da yawa a fadamun Haɗeja, can muke samun manya. Kada ka taɓa wadda ba ta ƙosa ba, cikinta laushi gare shi, in ya bushe sai ya yamutse. Ƙosasshiya ake nema, a bar ta ta bushe a inuwa har sai ka girgiza ka ji ƙwallon yana motsi a ciki. Sannan ka yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, domin tsakiyarsa rami ne, kuma saurin hannu ke tsaga shi. Ka bi da magagari, ka goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sai ka ga ya fito fari tas kamar hauren giwa. Ba ƙaramin abu ba ne: a Eritiriya, zamanin mulkin Italiya, da shi aka riƙa yin maɓallan riga. Ɗan man kaɗanya a tsumma ya ishe shi. Kada ka jiƙa shi a ruwa, kumbura yake yi, ya dare in ya bushe.

Ƙaho kuwa ka san hanyarsa. Na shanun da ake kawowa Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, a wurin mahauta muke karɓa. A dafa a zare ƙashin ciki, a gasa sama-sama a danne ya miƙe. Da ka ji warin ƙonannen gashi, wuta ta yi yawa, ka yi asara.

Maganar tambayar asali kuma, ga dalili. Shekaru aru-aru jemammiyar fatar jan akuyar ƙasar nan tana ƙetare Sahara a kan raƙuma, tana isa Turai, can kuma ana kiranta fatar Maroko, saboda ta hannunsu ta bi. Majemanmu suka sha wahalar bagaruwa, wasu suka ɗauki suna. Wannan abin yana ci mini rai har yau. Don haka duk abin da ya fita daga rumfar nan sai an ɗaura masa 'yar takarda: ƙodago daga gari kaza, ƙaho daga kasuwa kaza, igiyar fata an rina ta ja da karan dafi ko baƙa da kuloko. In ba ka san garin ba, ka rubuta abin da ka sani kawai. Ƙarya a nan cin amana ne, mai saye ta yarda da kai ne ba ta gani ba.

Ban ce ka tsaya kwaikwayon jigidar kakarka ba. Aikin zamani muke yi, siffa taka ce. Ka bar gefe ɗaya da kaushinsa ka goge ɗayan, ka haɗa baƙin ƙaho da farin ƙodago, ka rataya ƙwayar wuri, kuɗin da, guda tak a tsakiya in ka ga ya dace. Wurin ma baƙo ne, daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ya zo, amma ya zama ɗan gari, tunda da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya iso Kano a 1851 da shi ya tarar ana ciniki.

Sai abu ɗaya da ba na sassautawa. Na ga ka tara idon zakara a gwangwani saboda jansa ya burge ka. Dafi ne mai kisa. In ka huda shi garin ya shiga ciwon yatsa, ko yaro ya tsotsi abin wuyan uwarsa, za ka jawo mana abin da ba mu iya ɗauka. Ka binne su yau, ka wanke hannu da sabulu. In ja kake so, ga ragowar fatar karan dafi can a ƙwarya, yanko siriri ka nannaɗe tsakanin ƙwallayen tsamiya.