Amsoshin Tambayoyinku: Soket da Layin Umarnin QEMU

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Zariya, kuma ina tayar da baƙin kwamfutoci (wato kwamfutocin kwaikwayo da ke aiki a cikin kwamfuta ta zahiri) da manhajar QEMU ta wani fayil ɗin umarni da na gada a hannun wanda na canza. Tun da na bar Ubuntu 20.04 na koma 22.04, duk sanda na kunna sai gargaɗi ya fito a kan kalmomin `server` da `nowait`, alhali komai yana aiki. In koma tsohuwar siga ne, ko in gyara fayil ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gyara fayil ɗin za ka yi, domin aikin bai wuce na minti goma ba, komawa baya kuwa ɗaukar wa kai wahala ne. Ubuntu 20.04 yana zuwa da QEMU 4.2, shi kuma 22.04 da 6.2, kuma a tsakaninsu ne, a siga ta 6.0 da ta fito a 2021, masu manhajar suka sanar cewa gajeren salon rubuta zaɓin "e ko a'a" ya kama hanyar tafiya. A tsohon salon, idan ka rubuta kalma ita kaɗai ana ɗauka ka kunna ta, idan kuma ka liƙa mata `no` a gaba ana ɗauka ka kashe ta. Wannan ya zo da rikici, domin zaɓin da mutane suka sani da `nodelay` a ciki ana karanta shi ne a matsayin kashe wani zaɓi mai suna `delay`, har sai da aka zauna aka warware wanne ne sunan gaskiya. Ga shi kuma manhajar ta daɗe tana karkata zuwa ga tsarin rubuta bayanai na JSON, wanda ba ya karɓar kalma ba tare da an faɗi matsayinta ba.

Saboda haka inda ka ga `server,nowait` ka mayar da shi `server=on,wait=off`. Tunda ka riga ka buɗe fayil ɗin, ina ba ka shawara ka raba soket ɗin (mashigar haɗin da `server` da `wait` suke tsarawa) da na'urar da ke amfani da shi, wato ka fara da `-chardev socket,id=s0,path=/run/vm1.sock,server=on,wait=off`, sannan ka biyo da `-serial chardev:s0`. Amfanin rabawar shi ne, ranar da ka so sauya hanyar haɗi, layi ɗaya kawai za ka taɓa. Sabon salon yana aiki har a 4.2, don haka ko da akwai wata kwamfuta a ɗakin da ba ka sabunta ba, fayil ɗaya ya ishe ka.

Ka kula da wani abu da ya ruɗa mutane da yawa: kada ka goge `nowait` ka bar wurin fayau don gargaɗin ya ɓace. Idan soket yana sauraro kuma ba ka ce komai a kan jira ba, QEMU zai rubuta layi ɗaya cewa yana jiran haɗi, ya tsaya cik, baƙuwar kwamfutar ba za ta tashi ba sai wani ya shigo. Mutum ya zauna yana kallon allo yana zaton faifai ne ya lalace. Jiran yana da ranarsa, musamman idan kana son ganin saƙonnin farko na tashin tsarin aiki, amma a ɗakin ɗalibai `wait=off` ne naka. Kada kuma ka yi sakaci don ka ga gargaɗi ne kawai: QEMU yana fitar da siga uku a shekara, kuma ƙa'idarsa ta ba da damar cire abin da aka yi wa irin wannan sanarwa bayan siga biyu.

Tambaya: Na yi hayar sabar a ƙasar waje, ina son sarrafa baƙin kwamfutocina daga gida. Na buɗe `-qmp tcp:0.0.0.0:4444,server=on,wait=off`, abin kuma yana tafiya lafiya. Wani aboki ya ce in sayi ƙarin kariya daga masu hayar. Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Kafin ka cire ko sisi, rufe wannan ƙofar yau. QMP, hanyar da ake aika wa QEMU umarni yana cikin aiki, ba ya tambayar kalmar sirri a kan haɗin TCP tsirara, kuma `0.0.0.0` yana nufin kowa a intanet yana iya ƙwanƙwasawa. Wanda ya shigo yana iya tsayar da baƙuwar, ya sauya mata faifai, ko ya juye abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta zuwa fayil, wanda a ciki ake samun makullan sirri. Sayen kariya alhali ƙofar tana buɗe, gyaran gangar auzinawa ne.

Abin da ya dace da kai ba ya cin kuɗi: `-qmp unix:/run/vm1.qmp,server=on,wait=off`. Soket ɗin Unix fayil ne a kan mai masaukin, wato sabar da baƙin suke zaune a kai, izinin fayil ne ke tantance wanda zai taɓa shi, kuma ba a ganinsa daga waje sam. Daga gida sai ka bi ta SSH (amintacciyar hanyar shiga sabar daga nesa), wanda tun OpenSSH 6.7 a 2014 yake iya miƙa haɗi kai tsaye zuwa irin wannan soket, ko ka shiga sabar ɗin ka yi amfani da `socat`, ƙaramar manhajar haɗawa da soket. Ka dai taƙaita sunan wurin da ka ajiye shi, domin a Linux gurbinsa bait 108 ne kacal, kuma mai son jera babban fayil cikin babban fayil yakan ci karo da wannan iyaka ba tare da ya san dalili ba.

Ka duba VNC ma, wato hanyar ganin allon baƙuwar daga nesa, tunda laifinsu ɗaya. `-vnc :1` yana buɗe ƙofa ta 5901 ga kowa, kalmar sirrinsa kuma harafi takwas kaɗai ake lissafawa. Ka rubuta `-vnc 127.0.0.1:1`, ka bi ta SSH ɗin nan.

Tambaya: Ina son haɗa baƙin kwamfutoci biyu su ga juna don gwaji. Na ga `-netdev socket`, na kuma ga `-netdev stream`. Wanne zan ɗauka, kuma ko ya isa dalilin sabunta tsarina?

Amsa: Sigar da ke hannunka ce za ta yanke hukunci. `stream` da takwaransa `dgram` sun shigo ne a QEMU 7.2, a Disamban 2022, don haka akwai su a Debian 12 da Ubuntu 24.04, babu su a Ubuntu 22.04. Tsohon `socket` ya cusa TCP da UDP da watsawa ga rukuni a cikin zaɓi guda, ba ya kuma karɓar sunan soket ɗin Unix kai tsaye. Sabon ya raba su, ya sa adireshi ya zama abin da ake bayyanawa dalla-dalla, kamar `-netdev stream,id=n0,server=on,addr.type=unix,addr.path=/run/lan.sock`, ɗaya ɓangaren kuma ya sa `server=off`.

Idan kana da shi, shi za ka ɗauka. Idan babu, gwajin kwamfuta biyu bai kai a tayar da tsari gaba ɗaya saboda shi ba, tsohon zai yi maka aiki matuƙar ka ɗaure shi a `127.0.0.1`. Ka sani dai haɗin nan na mutum biyu ne. Da zarar baƙi sun kai uku, gadar Linux (mahaɗar da ke haɗa kwamfutoci da yawa wuri guda) ko `dgram` mai watsawa ga rukuni za ka nema. In kuma ka sa zaɓin sake haɗawa bayan yankewa, tun daga siga ta 9.2 `reconnect-ms` ake so, wanda ke ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka tsohon `reconnect=5` ya zama `reconnect-ms=5000`.