Kada ki bari ya amsa laifin da bai yi ba

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa da kika rubuto cewa an kama ɗanki mai shekara 19 yana dawowa daga aiki, wai ya yi kama da wanda ya fizge wa wani waya, yanzu kuma mai gabatar da ƙara ya ce in ya amsa ƙaramin laifin sata a sallame shi ba ɗauri, kina tambaya ko ku karɓa tunda katin zama gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Sannu. Allah ya fitar da shi. Amsata ita ce kada ya amsa, kada ya sa hannu a kan komai, sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba maganar. Na sha wannan ruwan, shi ya sa zan yi tsawo, 'yan zaure ku yi haƙuri.

Nawa ɗan, babban ne, na fari. A shekarun nan ne da tare yara a titi ana lalube su ya zama ruwan dare a nan Bronx, cikin birnin New York na Amurka, kafin kotu ta taka musu birki. Bayan sallar isha'i na aike shi shagon ɗan Yaman da ke kan kwana ya sayo burodi da madara. Ina wanke-wanke sai ga 'yar maƙwabciyata tana haki, ta ce Mama sauko, sun riƙe Yaya. Hijabina a bai-bai na sa, takalmi ƙafa ɗaya nawa ɗaya na maigidan. Na tarar da shi an jingina shi da bango, ankwa ta baya, wani ɗan sanda ya haske masa fuska da tocila. Sai wata motarsu ta taho a hankali, akwai mutum a kujerar baya, gilas a rufe. Ko tsayawa sosai ba ta yi ba. Mutumin ya gyaɗa kai, motar ta wuce. Shi ke nan shaidar. Da dare, daga cikin mota, a nuna maka yaro guda ɗaya da ankwa a hannu, 'yan sanda sun sa shi tsakiya, a ce shi ne? Wa zai ce a'a?

Wanda ya riƙe tocilar nan, ni dai har gobe ban yafe masa ba. Cingam yake tauna. Na matsa na ce masa da ɗan Turancin da nake da shi, ɗana ne, ni na aike shi, ga ledar burodin can a ƙasa. Ko kallona bai yi ba. Ya sa takalmi ya ture ledar gefe, madarar ta gangara bakin kwata. Na sake magana, sai ya ɗago ya ce in ja da baya ko a haɗa da ni. A gaban ɗana. Yaron yana ce min da Hausa, Mama ki tafi, don Allah ki tafi, muryarsa tana rawa, shi kuma mutumin ya daka masa tsawa wai ya yi yaren da ake ji. Na tambayi me ya yi, ɗaya daga cikinsu ya ce ya dace da kwatancen da aka ba su. Daga baya a takarda muka ga kwatancen: baƙi, matashi, riga mai hula. Ki leƙa ta tagarki yanzu ki ƙirga mini yaran da wannan kwatancen bai hau kansu ba. Ban san sunan mutumin nan ba, amma zoben da ke hannunsa da yadda yake juya cingam ɗin a baki, in na rufe ido ina gani. Nakan tambayi kaina ko shi ma yana da 'ya'ya, ko ya koma gida ya ci abinci ya yi barci lafiya a daren.

To, abin da bai faɗa miki ba shi mai gabatar da ƙarar, gajiyarwa ce dabararsu. Mu sai da aka yanka beli, kuɗin adashena da abin da aka tara a masallaci ranar Juma'a muka haɗa muka fito da shi, Allah ya saka wa mutanenmu. Sannan aka shiga zarya. Mu je tun safe, mu zauna a benci har azahar, a kira sunansa, lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba su shirya ba, a ɗage. Ni kuma aikin jinyar tsofaffi nake yi, ranar da ban je ba babu kuɗinta. Kuma duk zuwa sai an sake miƙo tayin nan, ya amsa ƙarami ya huta. A ƙasar nan sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ba shari'a aka yi musu ba, amsawa suka yi. Ki dubi bencin kotun in kin je, ki ga kalar mutanen da ke zaune. Mu ne da 'yan Sifaniyanci, kamar an tace.

Wani dattijo a cikinmu, ba zan kama suna ba, ya zo har gida yana ce wa maigidan a amsa kawai, wai ba a ja da hukuma a ƙasar mutane, wai tsautsayi ne. Na ji haushinsa kusan yadda na ji na ɗan sandan. Ai sata, komai ƙanƙantarta, ma'aikatan shige da fice da wani ido suke kallonta. Alƙali zai sallame shi yau ki yi murna, takardar tana nan kwance. Sai ranar da ya je gida ganin kakarsa ya dawo a tsare shi a filin jirgi, ko ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa a zaro ta a ajiye masa a tebur. Ga neman aiki, ga neman haya. Tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Padilla, cewa wajibi ne lauya ya gaya wa wanda yake karewa in amsa laifi zai iya jawo a tasa ƙeyarsa. Don haka ki tsare lauyan ɗanki ki tambaye shi kai tsaye, in ya amsa wannan me zai faru da katinsa? Ofisoshin lauyoyin kyauta suna da masu duba wannan ɓangaren, ki ce a haɗa ku. Ba alfarma kike roƙo ba.

Ba na ce ƙin amsawa abu ne mai sauƙi ba. Duk mun san labarin Kalief Browder, yaron unguwar nan. Shekararsa 16 aka kama shi a 2010 kan jakar goyo, shi ma daga cikin motar 'yan sanda aka nuna shi. Beli dala 3,000, gidansu ba su da ita. Ya yi shekara uku a gidan yarin Rikers ba a yi masa shari'a ba, kusan biyu a ciki shi kaɗai a kulle. An yi masa tayin ya amsa ya tafi gida ya ƙi, ya ce bai yi ba. A 2013 suka janye ƙarar, a 2015 ya kashe kansa a gidan mahaifiyarsa. Ranar da na ji, kuka na yi kamar ni na haife shi. Amma naki yana waje, yana kwana a ɗakinsa, wannan babbar rahama ce. Wanda ke waje yana iya jira. Kawai kada ya kuskura ya tsallake ranar kotu ko da sau ɗaya, ko da zazzaɓi yake yi.

Af, kafin in manta, kyamara. Mu abin da ya cece mu ke nan bayan ikon Allah. Mai shagon nan ɗan Yaman, Allah ya yi masa albarka, shi ya kira maigidan ya nuna masa hoton ɗana tsaye gaban kanta yana ƙirga canji daidai lokacin da aka ce an yi fizgen, ya kwafe mana. Da wannan lauyan ya matsa har aka kori ƙarar. Ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Injinan nan suna goge tsohon hoto da kansu, wasu cikin 'yan kwanaki. Ki bi hanyar da ya biyo daga wurin aiki, shago-shago, har wurin wankin kaya da ƙofar gidaje. Takardar tashinsa daga aiki, da katin da ya shiga jirgin ƙasa da shi, duk ki adana ki kai wa lauya. Lauya kawai, ba 'yan sanda ba.

Masu cewa a zauren nan wai yaranmu ne ba sa ji, ku ji tsoron Allah. A 2011 kaɗai an tare mutane sama da sau 685,000 a birnin nan, fiye da rabi baƙaƙe, kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan Latino, wato masu jin Sifaniyancin nan, kuma kusan tara cikin goma aka sake su ba a same su da komai ba. A watan Agustan 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki, akwai wariyar launi a ciki. Ba ni na faɗa ba, kotun tarayya ce. Da masu cewa mu 'yan Afirka ne, mu ba irin baƙaƙen nan ba ne, mu muna da tarbiyya. Amadou Diallo fa? Ɗan Gini, mai talla, mai sallah, a ƙofar gidansa a unguwar Soundview ta nan Bronx 'yan sanda huɗu suka yi masa harbi 41 a 1999, 19 suka same shi, walat ne a hannunsa. Aka kai shari'ar birnin Albany aka wanke su huɗun. Wa ya tsaya tambayarsa daga wace ƙasa yake? Iyayen yaran da muke yi wa kallon raini su suka fito titi dominsa.

Ki gaya wa yaron ya daina ba kowa labarin, har abokai, har a Facebook da WhatsApp. In wani ɗan sanda ya kira shi wai su yi hira a gyara magana, ya ce lauyansa za a nema, ya yi shiru. Yanzu doka ta ba shi damar neman katin ɗan sanda mai suna da lamba, kuma yana iya cewa bai yarda a caje shi ba, amma ya faɗa da baki kawai, hannunsa a fili, kada ya ja da su. Maganar kai ƙorafi CCRB, hukumar da ke sauraron ƙorafi kan 'yan sanda, ko kai ƙarar hukumar birni, ki tambayi lauya tun yanzu, don ta ƙarar akwai wa'adin kwana 90 na shigar da sanarwa, kuma abin da yaro ya faɗa a can yana iya dawowa cikin shari'arsa.

Ki kuma lura da shi a gida. Nawa ya daɗe ba ya cin abinci sosai, in ya ji jiniya sai ya tashi daga bakin taga, makaranta ma sai da ya ajiye ta zango guda. Maza ba sa faɗa. Ki sa babansa ko kawunsa ya riƙa jan sa da hira.

Ki turo mana ranar zaman ta akwatin sirri. Ni da wasu mata za mu nemi hutu mu zo mu zauna a bayansa, alƙali ya ga yaro yana da mutane. Shagunan nan kuwa yau za ki bi su, kada ki bari sai gobe.