Zauren Gwaggo: Wa za ta fara kwasa?

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, domin duk hanya ɗaya suka biyo, wato batun ƙuri'a.

Tambaya: Gwaggo, barka da war haka. Mu goma sha biyu muke adashi, kowa na zuba naira 20,000 a wata, ni ce uwar adashi. A zagayen da ya wuce ni na tsara jerin kwasa da kaina, ga shi har yau mata biyu ba sa amsa gaisuwata, wai na sa ƙanwata a gaba. 'Yata ta ce akwai abin da ke zaɓen suna a waya. In koma gare shi? Daga Maman Ummi, Zariya.

Amsa: Maman Ummi, ki koma gare shi, amma ki tsaya ki ji yadda ake yi tukuna.

Ina yarinya a Ɗambatta, duk jajibirin ƙaramar salla Baffanmu da maƙwabtansa kan yi watanda. Magidanta goma su haɗa kuɗi su sayi sa, mahauci ya feɗe, a shimfiɗa tabarmar kaba a gindin darbejiya. Sai a yi tsibi goma. Nan ne ake daɗewa. A ɗauki tsoka daga wannan a ƙara wa wancan, a yanka hanta gida goma, tumbi gida goma, a raba ƙashi, har sai kowa ya zagaya ya ce shi duk wanda ya faɗo masa ya yarda. Daga nan a kira yaro a ce ya juya baya. Kowane magidanci ya jefa alamarsa a cikin hula: wannan tsakuwa, wancan ƙwallon dabino, wani guntun kara. Wata shekara ni aka kira, ban fi shekara bakwai ba. Hannuna na rawa na riƙa ɗaukar alamomin ɗaya bayan ɗaya ina ɗorawa a kan naman, ban san ta wa na riƙe ba. Ta Baffa, wani ɗan tsinken tsintsiya, ta sauka a tsibin da ya fi kowanne ƙashi a ganina. Ya sunkuya ya kwashe abinsa, ya ce mini Allah ya yi albarka. Babu wanda ya koma gida yana zargin wani.

Abin da ya same ki ke nan: ke kika zaɓa, don haka ke kika ɗauki laifin. Ko da zuciya ɗaya kika yi, wadda ta zo ƙarshe ba ta ga zuciyarki ba, sunan ƙanwarki ta gani a sama. Kuma kada ki raina fushinsu. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Naira 240,000 da aka kwasa a watan farko da wadda aka kwasa a wata na goma sha biyu, a takarda ne kawai suke daidai. A kasuwa, buhunan da za su saya ba ɗaya ba ne.

To sai ki yi irin na masu watanda, ki daidaita tsibi kafin a kira yaro. Ki tara su gaba ɗaya ki tambaya: wa ke da haihuwa a gaba, wa za ta aurar da 'ya, wa ke da kuɗin makaranta a watan Satumba? Wadda aka yarda a ba ta takamaiman watan da za ta kwasa, a ba ta a gaban kowa, a cire sunanta. Sabuwar shiga da ba a ga kamun ludayinta ba tukuna, a gaya mata cikin mutunci cewa a zagayen farko daga baya za ta kwasa. Wannan ba aikin ƙuri'a ba ne, aikin amana ne. Idan al'adarku uwar adashi ce ke kwasar farko, a faɗa a fili a sake amincewa. Ragowar, waɗanda haƙƙinsu ya zo ɗaya, su za a jefa wa ƙuri'a.

Game da wayar, akwai shafin Random.org, wanda wani malamin kimiyyar kwamfuta a Dublin mai suna Mads Haahr ya kafa a 1998. Yana samo lambobinsa ne daga hayaniyar iska da rediyo ke kamawa. Ki rubuta sunaye a jere, ki danna, ya cakuɗa su ya fito da sabon jeri. Akwai kuma Wheel of Names, faifai ne mai juyawa da sunaye a jikinsa, mata sun fi son shi don ana kallonsa yana tafiya har ya tsaya. Amma ga inda gizo ke saƙar: mai riƙe da waya za ta iya dannawa sau goma a ɗakinta har sai abin da take so ya fito, sannan ta ɗauki hotonsa ta tura wa mutane a WhatsApp. Don haka kada ki yi shi ke kaɗai, kada kuma 'yarki ta riƙe wayar. A yi a zaune gaba ɗaya, waɗanda ke nesa a kira su ta bidiyo kai tsaye, a danna sau ɗaya tak. In babu data ko caji, takardu masu girma ɗaya, a nannaɗe su iri ɗaya, a zuba a kwanon sha, a kira yarinyar maƙwabta. Ni har gobe na fi natsuwa da kwanon.

Bayan an gama, duk biyun da suka ga dama su yi musayar wata tsakaninsu. A zagaye na gaba kuma ku juya jerin, ta ƙarshe ta koma ta farko. Matan nan biyu, ki taka ƙafa ki je gidajensu kafin ranar taron.

Tambaya: Gwaggo, ina da shekara 24. Ina tsaron shagon kawuna a kasuwa, ga shi kuma na sami gurbin karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wata uku ke nan na kasa tsai da shawara. Abokina ya ce in jefa 'yar dala biyar sama, duk fuskar da ta faɗo in bi. Wani kuma ya ce haramun ne. Ina gaskiyar take? Daga ɗanki a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, abu biyu ne suka yi kama, shi ya sa abokanka suka saɓa.

Ƙuri'a tana da asali mai ƙarfi a addini. A Suratu Ali Imrana, aya ta 44, an ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma don a san wanda zai riƙi Nana Maryam. A Suratus Saffat, aya ta 141, an yi ƙuri'a a cikin jirgin ruwa ta faɗa kan Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa idan Manzon Allah (SAW) zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo wa da ita zai tafi. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ka lura da su duka: mutane ne fiye da ɗaya, matsayinsu ɗaya a kan abin, kuma dole a fitar da guda ba tare da son kai ba.

Abin da aka hana a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90, shi ne kiban ƙuri'a na Jahiliyya. Mutum zai yi aure ko fatauci, sai ya zaro kibiya, ɗaya na cewa ya yi, ɗaya na cewa ya bari, ya ɗauka kibiyar ta san abin da ke gaba. Idan ka jefa dala da tunanin ita za ta nuna maka inda arzikinka yake, ka matsa kusa da wannan, kuma ni ba zan ce ka yi ba. Ba ka da abokin takara a nan. Kai kaɗai ne da rayuwarka, kuma hanyoyin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wa zai biya maka masauki da abinci a Yamai? Wa zai riƙe shagon? Me mahaifiyarka ta ce? Ka zauna da kawunka ka buɗe masa cikinka, ka nemi wanda ya gama wannan fannin ka ji inda ya kai shi, ka yi istihara raka'a biyu da addu'arta, sannan ka sa wa kanka rana.

Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Steven Levitt, ya taɓa buɗe shafi inda masu ruɗani irin naka suka jefa kwabo fiye da sau 20,000 a kan barin aiki, ƙaura da makamantansu. Bayan wata shida, waɗanda suka yi canjin sun fi bayyana jin daɗi fiye da waɗanda suka zauna inda suke. Abin da na ɗauka a ciki ba wai kwabo ya san komai ba ne. Mutane da yawa tsoro ne ke zaunar da su, su kuma suna kiransa tunani. Wata uku ya isa, ɗana. Ranar rufe rajista ba za ta jira ka ba.

Dalarka kuwa ka ajiye ta don ƙananan abubuwa: wa zai je sayo shayi tsakaninka da yaron shago, wa zai kwana gadin kaya, wace ƙungiya za ta fara take ƙwallo. Ko a nan ma a yarda tun kafin a jefa, don faɗuwa a ƙuri'a tana da ciwo. A gasar cin kofin Afirka ta 2015, Gini da Mali sun yi kunnen doki a maki da ƙwallaye, aka yi ƙuri'a a birnin Malabo na ƙasar Equatorial Guinea mai masaukin baƙi, Gini ta wuce, Mali ta koma gida ba tare da an ci ta ko wasa ɗaya ba.

Tambaya: Gwaggo, ni malama ce, ɗalibai 78 ne a ajina na firamare biyar. Kullum yara biyar ɗin gaba ne ke ɗaga hannu, in na nuna wani kuma a ce na tsane shi. Daga Malama a Gusau.

Amsa: 'Yar uwa, shekara talatin na yi da alli a hannu, wannan kam na san maganinsa. Ki sa yara su tattaro marafan kwalbar lemo 78, ki rubuta lambar rajistar kowa a cikin marfi guda, ki zuba a gwangwanin madara babba. Ki fara yin tambayar, ki yi shiru kaɗan kowa ya yi tunani, sannan ki girgiza ki ba wani yaro ya zaro. Marfin da ya fito ki mayar da shi ciki, in ba haka ba wanda aka kira zai kwantar da kai ya yi barci ya san ya fita. Shara da goge allo da ɗebo ruwa kuwa, akasin haka za ki yi: marfin da ya fito ya koma gwangwani na biyu har sai kowa ya yi nasa.

Yaron da lambarsa ta fito bai san amsa ba, kada bulala ta biyo baya, don in ta biyo, ƙarar gwangwanin kanta za ta zama abin fargaba. Ki bar shi ya nemi taimakon na kusa da shi, sannan ya maimaita amsar da bakinsa. Akwai wata yarinya a ajina da ke zama can baya jikin taga, rabin zango ban ji muryarta ba. Ranar da marfinta ya fito, lamba 41, ta miƙe tana murza bakin hijabi ta kawo jadawalin bakwai daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Ajin ya yi tsit, sannan aka ɓarke da tafi.