Amsa: Gyaran falo, fenti ko kujeru?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce falonki na da zafi da duhu, kuɗin kuma ba za su isa fenti da sabbin kujeru lokaci guda ba. Ni dai kujerun su jira.

Ki fara duba sama. In kwano ne babu silin, ko silin ɗin ya ɓule, daga nan zafin yake saukowa. Sai bango: in damina ta bar danshi a gindinsa, a kankare a sake filasta, a bari ya bushe sosai, in ba haka ba sabon fentin zai ɓaɓɓare. Ki zaɓi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, ɗakin zai buɗe. Tagar yamma kuwa labule mai kauri take so saboda ranar la'asar. Yadin yana nan a Kantin Kwari.

Kada ki malale ƙasa da kafet, ƙurar hunturu za ta wahalar da ke. Ƙaramar darduma a tsakiya ta isa, da tumtum biyu na fata daga Kasuwar Kurmi. Tsofaffin kujerun, mai gyaran kushin zai sake musu yadi da soso.